Hoton Ya Fanna

Laminu maƙwabcina ne a Chetimari tun muna yara, kuma ko a gabansa zan faɗa, ban taɓa ganin mutumin da zaɓi yake wahalarwa kamarsa ba. Dillalin tattasai ne. A wannan sana'a kam babu mai ja da shi. Zai ɗauki busasshen tattasai guda, ya ɗaga shi ga rana, ya murza, ya shinshina, ya gaya maka ko shukar ta ƙoshi da ruwan Komadugu ko mai gona ya yi mata rowa. Matsalarsa ɗaya, ya ɗauka komai na duniya tattasai ne. A shekarar 1994 ya je sayen injin ban-ruwa, ya tarar da guda biyu masu kama da juna, ya yi ta zarya tsakaninsu har kogi ya janye, gonarsa ta bushe. Hula ma sai ya yi kasuwa uku yana gwadawa.

Mahaifiyarsa, Ya Fanna, ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, don marigayi mijinta ba ya son abin. 'Yarta Zulaihatu kuwa tana aure a Yamai, shekara goma sha ɗaya rabonta da gida. A 2007 ta aiko da roƙo ɗaya tak: a turo mata hoton Ya, ta ga yadda ta koma, ta nuna wa 'ya'yanta kakarsu. Tsohuwa ta ji daɗi ƙwarai, ta ce ta yarda.

Akwai mai hoto a Diffa, aikin minti biyar ne. Laminu ya ce sam, ba za a tsayar da uwarsa gaban labule mai zanen jirgin sama ba. Shi da kansa zai sayi kyamara irin ta zamani, mai nuna hoto nan take, ya ɗauke ta a tsakar gidanta. Ni ma a lokacin na yaba masa, Allah Ya yafe mini.

Ya tafi kantin Lawali, wani Badamagare mai sayar da rediyo da agogo a kasuwar Diffa. Kyamara biyu ne a kantin, kowacce kamar sabulun wanka, ɗaya baƙa ɗaya ruwan azurfa.

"Malam Laminu, aparai biyun nan uwa ɗaya uba ɗaya ne," in ji Lawali. "Rufe ido ka ɗauki guda."

"Alhaji, ko tattasan gona ɗaya ba ya zama ɗaya."

Da azahar ta yi bai tashi ba, Lawali ya gaji ya ce ya tafi da su duka ya gwada, ya dawo da wadda bai so ba. Wannan kirkin ne ya ɓata komai.

Lokacin shanyar tattasai ne, ƙauye duk ya yi jawur. Laminu ya yanke cewa kyamarar da ta fi faɗin gaskiya a kan jan tattasai ita ce ta ƙwarai, don ja ne kawai launin da ba a iya cutarsa a kai. Ya ɗauki hoton tuli ɗaya da baƙar, ya ɗauka da mai azurfar, ya jera hotunan da tattasan a tafin hannu yana lumshe ido. Da safe baƙar ta fi. Da la'asar ta koma zuga jan kamar dillalin banza, mai azurfar ta yi gaba. Washegari a sake sabon lale.

Ya Fanna kuwa ta sa an yi mata kitso, ta ƙunsa lalle, ta fito da zanen da take ajiya a ƙasan akwati, ta turara shi, ta zauna kan tabarma tun hantsi tana jira.

"Ya, ki ƙara haƙuri kaɗan, ban gama tantance jan ba."

"Ɗan nan, ni ja ce? Baƙa ce ni. Kowace aparai ta samu ta ɗauka mana."

Ya yi dariya ya wuce wurin shanya. Sau uku tana wannan kwalliya cikin mako biyar, har lallen ya koɗe. A na ukun na kasa daurewa, na tare shi a ƙofar gida na ce, "Kai Laminu, ka ɗauke ta da duka biyun mana, sai ka zaɓa daga baya!" Ya dube ni da tausayi, ya ce fuskar mahaifiya ba abin gwaji ba ce. Raina ya ɓaci har na yi kwana biyu ban gaishe shi ba.

Zazzaɓi ya kwantar da ita ranar Talata. Alhamis da hantsi ta cika. Laminu ba ya gida, ya ji an kawo wa Lawali kyamara ta uku daga Maiduguri, ya ce bari ya leƙa ya dawo.

Zulaihatu ta yi kwana biyu a mota, ba ta samu jana'iza ba, sai sadakar uku. Bayan jama'a sun watse, muna tsakar gida, ta share ido ta ce, "Yaya, ba ni in ga foton Ya."

Ya miƙa mata baƙar. Ta danna, tattasai. Ta sake dannawa, tattasai. A tabarma, a buhu, a tafin hannu. Ta karɓi mai azurfar ta bi ta ita ma har ƙarshe, mu kuma muna sauraron ƙarar maɓallin. Laminu ya sunkuyar da kai yana kuka, kukan gaske, amma ni dai tausayinsa ya ƙi zo mini.

Ta ajiye su a gabansa a hankali, ta juyo wajena.

"Yaya Sallau, kai da kake ganinta kullum, gaya mini. Ta rame? Furfura ta cika kanta? Har yanzu tana rufe baki da hannu in za ta yi dariya?"

Na zauna na gaya mata abin da na iya tunawa. Bai taka kara ya karya ba, don ni ma ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba.