Sani a bayan kamyo

Mun fita Gaya ke nan, sai ƙanena Sani ya manna hancin motarmu a bayan wani kamyon albasa. Tun da ya fara kallon tseren motocin Amurka a waya tuƙinsa ya canza.

Na ce, "Sani, ja baya."

Ya ce, "Yaya, haka gwanayen ke yi. Na gaba ya keta iska, na baya ya rage shan mai."

Na ce, "Su a filinsu saniya na tsallaka hanya?"

Ya yi dariya, ya ɗan sassauta.

Gobe shi zai kai Inna asibiti Dosso, kuma ba na cikin motar. Masu irinsa a gida, da wace magana kuka shawo kansa?