Filin Dawakin Wada

Matso kusa ka zauna, ga shayi, in ba ka labarin Wada mai karo.

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Gadarif ya san shi: dogo, mai yawan tsaki, yana dakon buhunan riɗi da dawa a keken doki, wanda mu nan muke kira karo. Dawakinsa biyu, akawal da wata goɗiya kili, su ne gonarsa, su ne shagonsa. Shekara da shekaru yana haya cikin gari, maƙwabta kullum ƙorafin ƙuda da warin kashin doki. Burinsa ɗaya ne, ya samu gida nasa mai fili ya kafa turke.

Sai surukinsa, Alhaji Haliru, ya ce zai sayar masa da wani gidansa a hanyar Doka, ɗaki biyu da rumfa, fili kuwa sai ka gaji da tafiya. Suka je gani tsakiyar rani. Ƙasa baƙa ƙirin, duk ta dare, har kana iya zura hannu cikin tsagar. Tambaya ta zo wa Wada har leɓe: ruwa na kwanciya a nan? Amma ina! Mutum ya dubi uban matarsa ya tambaye shi kamar mai tuhuma? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kwayyis, ya yi kyau, Baba." Aka shafa fatiha.

Damina na faɗuwa ƙasar ta kumbura, ta zama laka mai kama ƙafa kamar danƙo. Karo ya kafe a ƙofar gida. Dawakai suka yini tsaye cikin caɓi, kofaton goɗiya ya fara ruɓa, tana ɗingishi. Abokan sana'a na ta aiki cikin gari, shi kuwa yana jidar tsakuwa yana zubawa, laka na haɗiyewa.

Ya shigo gida jiƙe sharkaf ya ce da matarsa, "Batulu, ashe kududdufi babanki ya sayar mini!"

"Ka tambaye shi, maigida?"

"Yaya zan tambaye shi?"

"To ni fa? Muna yara a nan muke wasan ruwa. Kai ka ce maganar fili ta maza ce. Na ɗauka kiwon agwagi za ka koma."

Tsakin da ya ja, sai da akawal ya waiwayo.

Da ya ga goɗiya za ta salwanta, ya ja dawakin ya kai wa abokinsa Uzairu, mai gida kan tudu cikin duwatsu. Can ta warke, can suke har yau. Kullum da safe yakan fito daga filinsa mai faɗi, ya taka sayyada zuwa turken aro.

Yanzu rani ya dawo, ƙasa ta bushe ƙam. Wani mai karo, Babiker, ya zo ya zaga filin yana ta yabo, ya ce a sayar masa. Shi ma bai tambayi komai ba.

In kai ne Wada, za ka buɗe baki?