Karkataccen Katakon Mai Fensir

Kullum ƙarfe bakwai saura kwata Mai Fensir yake isowa wurin aikinsa na kafinta, a kan tsohon keken da ake jin kukan sarƙarsa tun daga kwana. Ba ya taɓa zarto sai ya share wurin da kansa, ko da mutum goma ne a ƙarƙashinsa. Sai ya jera kayan aiki a kan babban benci, ya fiƙe fensir da 'yar wuƙa ya maƙala a bayan kunne, ya zauna da kofin shayi yana kallon masu shigowa. Ba fuska yake kallo ba, hannu yake kallo. Ya ce hannu ne ke fara faɗin yadda mutum ya kwana.

Shagona na ƙusa da gam da kwaɗo yana kallon nasa shekara talatin da ɗaya, titi ne kawai a tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji, layin tef ɗin awo ya fara rabe masa biyu. Na ga bai kamata mutum irin wannan ya tafi gida shiru ba. Kuma ina da nawa dalilin, gidan 'yata ya tsare daga rushewa, zan zo kan wannan.

Kafintocin da suka fi shi suna suna da yawa. Abin da ban ga wani ya kamo shi ba shi ne koyarwa. Na yi aiki ƙarƙashin iyayen gida kala-kala a yawona, kowanne hanya ɗaya ya sani. Mai tsawa kowa tsawa yake masa, mai lallashi kowa lallashi. In hanyar ta dace da kai ka iya, in ba ta dace ba a ce ba ka da kai. Mai Fensir shi sai ya gano irin mutumin da aka kawo masa kafin ya zaɓi yadda zai bi da shi.

A bayan ƙofarsa akwai tarin karkatattun katakai, waɗanda 'yan katako suka rasa mai so. Duk wanda ya zo koyon aiki, ranar farko sai ya zaro ɗaya ya miƙa masa tare da magogin katako, ya ce, "Miƙar mini da wannan." Ya koma kan shayinsa. Bayan kwatan awa ya karɓe. Ba ruwansa da ko katakon ya miƙe, abin da mutum ya yi a cikin kwatan nan yake so ya gani.

Akwai wani tsohon masinja da aka sallama daga aiki, muka sa masa Sarkin Tambaya. Kafin ya taɓa katakon ya jero tambaya biyar. Mai Fensir ya ce, "Wannan na baki ne." Ya riƙa yi masa bayanin komai da dalilinsa, har da abin da ya sa ake huda katako kafin a buga ƙusa a bakinsa. Yanzu shi ke yi wa makarantu uku ƙofofi.

Wani kuma Gaggawa muke ce masa. Ya hau katakon da ƙarfin tsiya, kafin kwata ya mai da shi kamar rula. Mai Fensir bai taɓa yi masa dogon bayani ba, barinsa yake ya ɓata. Kujerarsa ta farko ƙafa ɗaya ta gaza sauran da yatsa biyu. Mai Fensir ya duba ya ce ta yi kyau, a kanta zai riƙa zama duk lokacin cin abinci. Kwana shida yana lilo da kwano a hannu, ran na bakwai miya ta kife masa a wando.

Ya ce, "Maigida, don Allah ara mini tef."

Mai Fensir ya ce, "Au, ashe akwai tef a shagon nan?"

Tun daga ranar Gaggawa sai ya auna sau biyu yake yanka.

Uwar Biyu kuwa, da mijinta ya rasu ya bar ta da tagwaye, ta zo mutane suna mata dariya. Aka ba ta katako. Ta juya shi, ta kanne ido ɗaya ta bi tsawonsa, ta aje, ta tsaya kallon yadda wani ke riƙe magogi. Mai Fensir ya tsayar da ita a gefen damansa wata uku, bai fi kalma ashirin ya faɗa mata ba. Yau durowar da ta haɗa da yatsa ɗaya ake tura ta.

Har akwai wanda ya ƙare kwatansa yana shafa katakon yana yaba launinsa. Mai Fensir ya kama hannunsa ya kai shi wurin mai fenti a ƙarshen layi, ya ce, "Ga naka ya yi ɓatan kai ya faɗo wurina."

Mai Fensir, kai ne ba ka taɓa ce wa mutum ba shi da kai ba. In abu ya ƙi shiga, kanka kake fara tuhuma. Na gani da idona ranar da ka yi kuskure, kuma a kan surukina ka yi shi.

Mijin 'yata ta fari shekara ashirin yana jan tirela, sunan da aka san shi da shi ke nan, Mai Tirela. Hatsari ya same shi, ya tsira da rai, amma ƙafar hagu ta daina taka kuloci. Wata goma yana zaune a ɗaki yana kallon bango. Wata safiya sai ga 'yata da akwatuna da yara huɗu.

Ta ce, "Baba, ba faɗa muka yi ba. Da faɗa ne na san yadda zan yi da shi. Cewa ya yi ba ya iya haɗa ido da mu. In shekara ta ƙare bai zama komai ba, wai zai sauwaƙe mini in huta."

Shekarar kuwa saura wata takwas. Na je na same shi, na ce ba shawara na zo yi ba, gobe ya same ni a wurin Mai Fensir. Don kunyata ya zo.

Mai Fensir ya ga mutum mai shekara arba'in da uku yana jan ƙafa, ga shi surukin abokinsa. Sai bai kai hannu bayan ƙofa ba. Ya jawo masa kujera mai laushi, ya ba shi samfefa, takardar goge katako, da 'yar guntuwar katako, yana yi masa magana a hankali kamar an je dubiya. In Mai Tirela ya miƙe zai ɗauki abu, mutum uku su riga shi. Kwana tara ya yi, ran na goma bai zo ba.

Mai Fensir ya tsallako titi ya zauna a bencin shagona, ya cire fensir yana jujjuya shi.

Ya ce, "Mai Ƙusa, na yi ɓarna. Kowa na ba shi katako, shi na ba shi tausayi. Mutumin da ya saba jan taya goma sha takwas na zaunar da shi yana shafa itace kamar mai lallashin kyanwa."

Na ce, "To yanzu fa? In sake zuwa in taso shi?"

Ya ce, "Kai ka taso shi da farko, ga inda ta kai mu. Zauna ka sayar da ƙusarka."

Bayan kwana biyu injin yankan katako ya fara wani irin tari. Mai Fensir ya hau kekensa ya tafi gidan surukina da kansa. Bai ambaci koyon aiki ba. Ya ce masa injinsa na neman mutuwa, ga aiki a gaba, kuma an ce duk unguwar babu mai kunnen inji irin nasa.

Na leƙa ina kallo da suka iso. Mai Tirela ya sa aka tayar da injin, ya karkata kai, bai yi minti ɗaya ba ya ce a kashe.

Ya ce, "Maigida, wannan bel ba da kansa ya saki ba. Hannu aka sa."

Gaggawa ya sunkuyar da kai yana ƙunshe dariya.

Mai Fensir ya ce, "Hannuna ne. Na rasa yadda zan kira ka ka zo. Kuma na zo in ba ka haƙuri, ban karɓe ka yadda ake karɓar namiji ba."

Surukina ya dube shi, ya dubi injin, sai ya fashe da dariya har yana dafa benci. Wata goma ban ji wannan dariyar ba. Da ya nutsu ya ce, "To bari in faɗa maka abin da ba kai ka kwance ba. Boris ɗin injin nan, ƙwallayen ƙarfen da yake juyawa a kansu, ya kusa tafiya. Shekara nawa kuna aiki da shi yana kuka ba wanda ya ji?"

Mai Fensir ya ce, "Mu kurame ne a nan. Ka koya mana inji da safe, in koya maka katako da yamma. Ba wanda ya fi wani."

Sannan ya kai hannu bayan ƙofa ya zaro mafi munin katakon da ke wurin. Ba kujera, ba lallashi. Mai Tirela ya tura magogi sau ɗaya ya tsaya, ya karkata kai. Ya juya katakon ya tura ta ɗaya gefen, ya sake saurare. Ya ce ta nan yana kuka, ta can yana tafiya lafiya.

Mai Fensir ya waigo ya dube ni a bakin ƙofa ya ce, "Na ga na baki, na ga na ido, na ga na hannu. Yau Allah ya kawo mini na kunne, ni kuma ban san yadda ake koyar da su ba."

Tsoho mai shekara saba'in ya zauna ya ƙirƙiro sabuwar hanya saboda mutum ɗaya. Ya riƙa sa shi rufe ido yana saurarar zarto, har ya gane ƙarar mai kaifi da ta dakusasshe. Ya koyi maganar direbobi don ya yi masa bayani da ita. Daga shagona nake jiyo shi yana cewa, "Kana hawan tudu, sauko da giya," ko "Kwana ce wannan, daina ba shi wuta." Da safe kuma sai ka ga maigidan wuri tsugune da sifana, surukina a kansa yana cewa, "Ba haka ba, Maigida, sake." Shi kuwa ya sake, ba ya ko ɓata rai.

Saura sati uku shekara ta cika, ina ƙofar gida da la'asar, sai ga amalanke an turo. Tebur ne a kai da kujeru shida, sai ƙamshin sabon katako. Mai Tirela na biye yana jan ƙafarsa, Gaggawa na turawa. Surukina ya durƙusa ya gaishe ni.

Ya ce, "Baba, na zo ɗaukar iyalina, in an yarda."

Na ce, "In an yarda? Sun karya mini rediyo, sun mai da ɗakina filin ƙwallo. Kwashe su kafin ka canza shawara."

Na ja kujera ɗaya na zauna na girgiza ta da gangan, ko motsi ba ta yi ba. 'Yata ta fito ta tsaya tana shafa teburin, ta ƙirga kujerun da ido, ta ce, "Shida ne." Ya ce, "Mu shida ne ai." Ta koma ciki da sauri, wai za ta haɗa kaya, alhali na san akwatunan nan ba ta taɓa kwance su duka ba.

Kai ne ka yi wannan, Mai Fensir, gwanin gane mutum. Ka yi kuskure ka faɗa da bakinka a gaban waɗanda kake koya wa, ka mai da kanka ɗalibi don wani ya ɗaga kai. Ba a taɓa kiran sunanka a wani taro ba, amma akwai gidaje sama da arba'in da ake ɗora tukunya saboda kwatan da ka ɓata kana kallon hannun masu gidajen. Na gode, 'yata ta gode, jikokina ma sun gode, duk da sun fi son gidana. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka sauran ganin da za ka riƙa hango mu da shi.

Makullin wurin aikin, Uwar Biyu ya ba, kowa kuma ya ce ya yi daidai. Tarin katakan bayan ƙofa ya ba surukina, shi zai riƙa karɓar sababbi. Shekaranjiya wani babban mutum ya kawo ƙanensa koyon aiki, da mota da rakiya. Na ga surukina ya fara jawo kujera mai laushi. Mai Fensir bai ɗago daga kofinsa ba ya ce, "Ko ɗan wane ne, ba shi katakon." Surukina ya mayar da kujerar yana murmushi, ya kai hannu bayan ƙofa.

Ku masu mutane a ƙarƙashinku, a gareji ne ko ofis ko aji ko kicin, ga abin koyi a gabanku tun yana raye. Kafin ku buɗe baki ku koyar, ku ba mutum abin yi, ku koma gefe da kofin shayinku ku ga yadda zai kama shi. In kuma kun bi ta inda ba ta ɓulle ba, ku hau kekenku ku je har gida ku same shi.