La'asar a Madina

Shekarar da mijin ƙanwata ya dawo daga Makka, Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuma ina ɗinki a kasuwar Kankiya. Mutumin Kusada ne, mai awon gyaɗa, shi ne na farko a danginmu da ya je hajji ta jirgin sama. Na san shi da ƙarin gishiri. In ya ga kura ɗaya a hanyar Kunduru, kafin ya iso gari ta zama garke.

Da hantsi ya zo gaida mahaifinmu, muka zauna a zaure. Baba ma alhaji ne, amma da ƙafa ya tafi tun yana saurayi, ya dawo da gemu.

Ana cikin hira sai surukin nasa ya ce, "Ai Baba, a Jidda muka yi azahar, muka hau jirgi, la'asar kuwa a Madina muka yi ta."

Baba ya aje carbi. "La'asar ɗin wace rana?"

"Ta ranar, Baba."

Na dubi fuskarsa ina neman alamar wasa, ban gani ba. Baba ya bi hanyar nan ta Jidda zuwa Madina bisa raƙumi, cikin ayari. Wata na siriri suka tashi, sai da ya kusa cika suka hangi dabinon Madina. A hanyar ya binne abokin tafiyarsa.

"A wace rijiya kuka sha ruwa?"

"Ba mu sauka ba, a kofi aka ba mu."

"Baƙaƙen duwatsun nan fa, ka gan su?"

"Ba ni kusa da taga, Baba. Kuma amai na yi ta yi."

Maganar aman ta ɗan girgiza ni, don bai saba faɗin abin da zai rage masa girma ba. Amma na ce a raina, gwanin ƙarya ma ya san wannan dabara.

Da ya tafi Baba ya ce, "Ko dai yaron nan bai je ziyara ba, ko an zaga da su sama an sauke su wani gari, an ce masu Madina ce. Je ka Kusada ka bugi cikin ƙanwarka."

Na hau keke na je. Ta ce, "Yaya, ni ma haka ya faɗa mani. Amma in ya ambaci Madina, wani lokaci har hawaye yake yi."

Na kawo wa Baba labari. Ya ce shi ba hawaye ya tambaya ba.

Da shekara ta zagayo wani malami daga Mawashi ya dawo daga hajji da magana iri ɗaya. Baba bai musa masa ba, sai da ya fita ya ce, "To ai mutane ɗaya suka sauke su."

Daga nan ya fara cewa shi zai je da kansa ya gani. Ciwon ƙafa ya kwantar da shi, damina na tsakiya ya rasu. Surukin nasa na cikin waɗanda suka sa shi a kabari.