Anti Ina-Gwaji da Aikin Auta

Ɗalibai suna kiranta Anti Ina-Gwaji. Ni Malama nake ce mata, ita kuma ta ce mini Baba, ko da yake ban girme ta da wani abin kirki ba. Aikin da ake biyanta albashi a kai shi ne kula da ɗakin kwamfutoci na sashen lissafi a jami'a: ta buɗe, ta rufe, ta zaro takardar da ta maƙale a firinta, ta kori masu shigowa da lemo. Ɗaki ne dogo mai tagogi can sama, da fanka ɗaya da ke kuka kamar ana zare mata rai. Teburinta yana bakin ƙofa, inda take ganin bayan kowa.

Aikin da aka san ta da shi kuwa ba wanda ya sa ta. Akwai wata manhajar lissafi da mutane daga ƙasashe daban-daban suke ginawa kyauta. Kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka rubuta ta, ya yi gyara, ya aika a duba. Duk dogon hutu Malama takan tsinto ƙananan ayyukan da manhajar ke buƙata, ta gutsuttsura su daidai bakin ɗalibi, sannan ta shiga roƙon maginan su karɓi yaranta su yi musu jagora. In jagora ya yi shiru, ita ke bin sawunsa da saƙo. In ɗalibi ya ɓace, har gidansu take zuwa. In jagororin ba su isa ba, ta ɗauki wanda ya rage da kanta. Ta haka 'yata Auta ta faɗo hannunta.

Dokokinta biyu ne. Ba aikin da zai wuce teburinta sai da gwajin da ke nuna yana yin abin da aka ce yana yi, daga nan sunan ya samo asali. Ta biyu ita ce ba ta taɓa gyara wa ɗalibi aikinsa da hannunta, ko da harafi ɗaya ne. Za ta nuna maka inda ramin yake, ta tsaya ka cike. Ni mai haɗa magani ne a asibiti, na san amfanin ido na biyu kafin abu ya fita, don haka da Auta ta fara kawo ƙara gida sai na goyi bayan Malama.

Aikin Auta shi ne ɓangaren da ke zana hoton lissafi: ka ba shi ƙa'ida, ya zana maka layinta. Ya yi kyau, sai wuri ɗaya. In aka ce ya zana ɗaya a raba da lamba, da an iso sifili dole layin ya katse, domin ba a raba abu da sifili. Na Auta sai ya ja dogon layi ya haɗe ɓangarorin biyu. Malama ta mayar mata da shi. Ta gyara, ya katse a nan ya haɗe a wani wurin, aka sake mayarwa. Auta ta dawo gida ta wurgar da jaka a kan kujera, ta ce matar nan ko ruwa ka miƙa mata sai ta tambayi ina gwajinsa. Mahaifiyarta ta ce ai gara Malama, ni da na aure ta har yau ban gama duba ta ba.

Auta tana da sikila. Ciwon ya tashi ana saura kaɗan hutu ya ƙare, kuma wannan karon bai sauka ba. Aikin ya tsaya a shafin manhajar, a ƙarƙashinsa maganar Malama ta ƙarshe: a wurin sifili layin ya katse, ki gyara ki dawo.

Malama ta zo gaisuwar rasuwar Auta, ba ta ce komai game da aikin ba. Sai da wani dogon hutun ya zagayo ta sake zuwa, ta zauna a bakin kujera, jakarta a kan cinya. Ta bayyana mini cewa maginan suna shirin sake fasalin ɓangaren zane, kuma duk aikin da bai kammala ba kafin ƙarshen hutu za a rufe shi, don ba zai dace da sabon ginin ba. Tana da ɗalibi, wani da suke kira Dogo, wanda zai iya ƙarasa na Auta ya shiga da sunansu biyu. Na tambaye ta ko ƙa'idar manhajar ta ce sai da izinina. Ta ce a'a, kowa na iya ɗauka ya ci gaba, ita ce dai ba za ta iya ba sai na yarda.

Na ce zan yi shawara.

Ban yi shawara da kowa ba. Ta kira, na ce ina wurin aiki. Ta sake kira, na bar wayar tana ƙara a aljihu. Na ga yadda ta rame, na kuma san abin da ke cin ta: da ta kau da kai ta karɓi aikin, da Auta ta ga sunanta cikin maginan kafin ta tafi. Na san Malama ba ta yi laifi ba, ni da bakina na goya mata baya, amma na bar ta da kayan a ka, domin in dai tana ɗauke da su sai in ji nawa sun ɗan ragu. Hutu kuwa yana ta zurarewa. Mahaifiyar Auta ce ta ce mini wata safiya, tana ninke tufafi ba ta ko kalle ni ba, wai ina tsare gawar aiki alhali ɗan wani yana zaune yana jira.

Na je ɗakin kwamfutocin da hantsi. Dogo yana kujerar ƙarshe, an ba shi gyaran rubutun bayani don kada ya zauna hannu rabbana. Na ja kujera kusa da Malama, na yi ƙasa da murya. Na ce tunda ta san gyaran, kuma ta ce bai fi 'yan layuka ba, ta yi shi da kanta mana, ya shiga da sunan Auta ita kaɗai, ba sai an sa hannun bare ba.

Ta juyo ta dube ni.

"Baba," ta ce, "in na gyara mata yau, me ya hana ni gyara mata tana da rai?"

Na ce ta kira yaron.

Lokacin da ya rage wa Dogo kaɗan ne, kuma ni na cinye masa sauran. Na riƙa biyowa ta wurin in na tashi aiki, in zauna a kujerar baya. Da ya kai gyaransa na farko, layin ya katse a wurin sifili tsaf. Ya juyo yana murmushi. Malama ta leƙa ta saman tabarau, ta tambaye shi ina gwajin. Ya ce Anti, ga shi kina gani da idonki. Ta ce idonta ba ya tafiya tare da manhajar zuwa gidajen mutane. Na san kwanakin sun kusa ƙarewa, har na buɗe baki in roƙa masa, sai na rufe.

Ya rubuta gwajin. Ta mayar masa sau ɗaya, ya sake. An karɓi aikin ana gab da rufewa, sunan Auta a gaba, na Dogo a baya.

Malama ta juyo mini da fuskar kwamfutar, ta ce in rubuta ƙa'idar da hannuna. Na danna ɗaya a raba da lamba da yatsa guda, a hankali. Layin ya gangara ta hagu, ya tsaya, ya bar fili, ya ci gaba ta dama. Na ce mata ta yafe mini kiran da ban ɗauka ba. Ta ce ba komai, ta saba, jagorori ma haka suke mata. Sannan ta miƙe, don firinta ta sake cin takarda.