Ƙwaryar Kan Katanga

Shekarar da aka turo ni garin Tawa koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na kama ɗaki biyu a gidan wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Inna. Ni kaɗai ce Kirista a layin, kuma ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza a kan haka. Katangar da ta raba mu da gidan gabas gajera ce, ruwa ya cinye kanta, in na yi ɗage har madafinsu nake hange. A gidan akwai wata mata mai ƴaƴa uku, mijinta ya tafi biɗa Abijan kamar yawancin mazan Adar. Madam take ce mini, ni kuwa ƙawa nake ce mata.

Tun satin farko ta soma ɗora mini ƴar ƙwaryar fura a kan katangar nan, kullum in na taso daga lakwal da azahar. Ba sallama ba kira, sai ta buga ludayi sau biyu a jikin ƙwaryar in fito in ɗauka. Ni ma ba daga sama na faɗo ba, na san ba a mayar da ƙwaryar mutane wayam. Wata rana in zuba shinkafa, wata rana wake, wata rana tiyar hatsi, in ɗora mata a inda ta ɗora mini. Ba wadda ta taɓa ce wa wata ta gode, kuma ba wanda yake ganinmu.

Da bazara ta yi nisa sai saƙon mijin ya yanke. A furar na fara ganewa. Nono ya ɓace daga cikinta, ta yi ta tsinkewa har ta koma ruwa da ɗan tsaki a ƙasa. Ran nan na yi ɗage zan shanya zane, na hango ta tana sake tankaɗe dusa, yaran sun kewaye ta suna kallon rariya. Da ta buga ludayi na fito, na dubi ruwan da ke cikin ƙwaryar, na tura mata abinta.

"Haba ƙawa, ki bar wa yara mana. Ni na ƙoshi."

Ta ce to, ta ɗauke. Washegari ban ji ludayi ba, jibi ma haka. Ni kuwa, don wauta, har daɗi nake ji wai na rage mata nauyi. Ban lura ba cewa tun da ƙwarya ta daina zuwa, wake da hatsina ma sun daina tafiya.

Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan cewa bangaskiyar da ta tsaya a baki ba ta ciyar da kowa, sai an gan ta a hannu. Maganar ta shige ni sosai. Da aka tashi, mata muka zauna taronmu, na miƙe na zazzage labarin ƙawata kaf: yara nawa, wata nawa miji bai aiko ba, har dusar ban bari ba. Na yi hawaye. Kuma gaskiya ɗaya ce, na ji daɗin yadda suke kallona suna gyaɗa kai. Kowa ta kawo abin da ta iya, muka haɗa buhun hatsi guda.

Ranar Asabar muka ɗauki hanya, mu bakwai, cikin ankonmu, buhu a amalanken jaki, muna waƙa. Kuma duk lokutan duniya ba mu zaɓi ko wanne ba sai bayan la'asar, sa'ad da maza suka fito daga masallaci suka baje a ƙofar gidaje. Ni ce a gaba, ina nuna gida. Ƙawata ta fito ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaida kowa. Ɗayarmu har hoto ta ɗauka da waya, buhu a tsakiya. Ta yi mana godiya, ta sa mana albarka, amma ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba.

Ina shiga gida Inna ta kira ni rumfarta. Ban taɓa ganin ranta a ɓace haka ba. Ta tambaye ni ko na san dalilin da ya sa ta yi wata biyu tana kukan ciwon baya, alhali bayanta lafiya lau. Ashe hatsi take aika wa ƙawata ta surfa mata, ta aika tiya uku ta karɓi biyu, ta ce sauran ladan hannu ne. Matar mai gadin lakwal kuma kullum sai ta ari turmin ƙawar tawa, ba don ba ta da nata ba, don dai ta mayar da shi da wani abu a ciki.

"Duk layin nan mun san halin da take ciki," in ji Inna. "Ke ɗaya kika faɗa."

Ni kuwa bakina bai mutu ba. Na ce yara na cin dusa ana ta wani rufa-rufa, wannan wane irin girman kai ne? Inna ta ci gaba da tsinke zogalanta. Na shiga ɗaki ina huci, ina jin ni ce mai gaskiya. Sai da kwana biyu suka wuce, labari ya zo cewa magana ta kai ƙauyen Kalfu wurin dangin mijin, wai sun bar matar ƙaninsu sai da baƙi suka ciyar da ita a gaban jama'a. Wan mijin ya aiko cewa zai zo ya kwashe ta da yaran su koma ƙauye. Babbar ƴarta a ajina take, ita ce ta fi kowa karatu, ƙauyen kuwa nesa yake da lakwal. A nan na gane ɓarnar da na yi.

Kwana uku ina jin daka daga gidanta, tun safe har yamma. Na ce a raina to, ko ba komai yara za su ƙoshi. Ashe ban gama saninta ba. Ranar Juma'a ta fito da hatsin nan kaf, ta yi shi gumba da fura, ta bi gida gida tana rabawa, har ƙofar masallaci, ta ce sadaka ce don Allah ya maido da maigidanta lafiya. Ko tiya ɗaya ba ta ajiye wa kanta ba.

Da azahar na ji ludayi sau biyu. Na fito da gudu ko takalmi babu. Ƙwaryar ce, cike da fura mai kauri, har da nono. Na sa hannu biyu na karɓa. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, Madam, in sha in ba ta ƙwaryarta don gobe da safe za su tafi. Na ce ta dakata in juye, in ɗan zuba mata wani abu na hanya.

"A'a," ta ce. "Haka nan za ki ba ni."

Na tsaya a gindin katangar na shanye, tana kallona. Na goge bakin ƙwaryar da gefen zanena, na miƙa mata ita ba komai a ciki. Ranar Litinin da na kira sunayen ƴan aji, na tsallake na ƴarta, don na san ba wanda zai amsa.