Majo Mahaman Aisami da Jan Motonsa

Haihuwa da nasaba

An haifi Malam Mahaman Aisami a garin Gure, cikin jihar Damagaram, a daminar shekara ta 1939. Mahaifinsa, Malam Aisami Mamadu, manomin gero ne mai fataucin kanwa da rani, mahaifiyarsa kuwa, Yakura, 'yar mutanen Gamu ce. Ya tashi da harshe biyu, Barbarci a cikin gida, Hausa a kasuwa.

Karatu

Ya fara karatun allo yana da shekara biyar, aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, a 1947, daga bisani ya wuce birnin Damagaram ƙaro karatu. A shekara ta 1958 ya sami shiga makarantar malaman asibiti a Yamai, inda ya kammala a 1961 da shaidar ladabi da natsuwar hannu wajen allura.

Aiki da aure

Ya yi hidima a Magarya da Tanut. A 1966 ya auri Salamatu Umaru, ungozoma, mace mai kaifin baki da saurin dariya. A 1970 aka maido shi mahaifarsa a matsayin majo, wato shugaban malaman asibiti, kuma da wannan laƙabi aka san shi har ƙarshen rayuwarsa.

Zuwan moto

Da farko bisa doki yake zaga ƙauyuka. A watan Janairu na 1972 aka aiko masa da jan moto, wato babur, mai tayoyi masu haƙora, irin wanda aka ƙera domin daji, alhali bai taɓa hawa ko keke ba. Ranar da ya fara gwada shi a gaban asibiti, ya shiga rairayi, ya tsorata, ya damƙe birkin gaba, sai ga Majo ya tsallake kan moton ya dira gaban marasa lafiya. Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce da su, "Saukowa na yi, gaggawa ce ta yi yawa." An ce har masu zazzaɓi sai da suka dara.

Cikin wata uku ya faɗi fiye da sau ashirin, amma kowace faɗuwa ta bar masa darasi. Ya gane cewa a rairayi ana rage iskar taya, a miƙe tsaye bisa matakai, a ƙara wuta a daidai inda zuciya ke cewa a rage, kuma ba a kusantar birkin gaba ko kaɗan.

A 1973, kan hanyarsu ta zuwa suna a Gidigir, moton ya daki wani tudu, Salamatu ta zame daga baya ta zauna cikin yashi. Majo bai sani ba. Ya ci gaba da ba ta labarin wani maras lafiya, har yana yabon moton da ya yi sauƙi yau, sai da ya yi tambaya sau uku ba amsa sannan ya waiwaya. Ya komo a firgice, ya tarar da ita a inuwar aduwa tana zazzage yashi daga mayafinta. Ta dube shi ta ce, "Malam, ka gama labarin ne, ko da saura?" Tun daga ranar, duk tudun da ya haura sai ya ce, "Kina nan?"

Tafiyar ƙyanda

Babban abin da ake tuna shi da shi ya faru ne a watan Maris na 1975, lokacin da ƙyanda ta ɓulla a wasu rugage bayan Kelle, ta kashe yara huɗu cikin mako guda. Ya tashi da hantsi ɗauke da allurar riga-kafi cikin akwatin ƙanƙara a bayansa, ya kuwa san cewa muddin ƙanƙarar ta narke, maganin ya tashi aiki.

Bayan ya wuce Kelle, wani dutse mai kaifi ya tsaga tayar gaba, moton ya kwanta da shi, bututun hayaƙi ya manne masa a ƙwauri. Bai janye ƙafar ba sai da ya kwance akwatin ya ajiye shi a hankali. Tsagar ta fi ƙarfin faci, saboda haka ya cire tayar, ya cusa mata busasshiyar ciyawa har ta yi tauri, ya naɗe ta da igiya, ya yagi rawaninsa ya ɗaure ƙunar, ya ci gaba sannu a hankali.

Saura tudun rairayi guda ya isa, moton ya kafe. Sau uku yana haurawa yana gangarowa, rana ta take, ruwa ya fara ɗiga daga gindin akwatin. Ana haka sai ga wani makiyayi mai suna Manzo bisa raƙumi. Manzo ya ƙare wa moton kallo, ya ce, "Likita, dokin naka ƙishirwa yake ji, ko gardama ce?"

"Gardama ce," in ji Majo. "Ara mini naka, 'ya'yanku nake zuwa dubawa."

Suka ɗaura igiya, raƙumi na ja yana gunaguni, Majo na turawa da ɗingishi, har suka kai ƙoli. Ya isa da sauran ƙanƙara kamar dunƙulen hannu, ya yi wa yara ɗari da arba'in allura kafin la'asar, kuma ba a sake rasa yaro ba a waɗannan rugage a wannan shekara.

Shekarun baya

A 1979 ya miƙa moton ga wanda ya gaje shi a aikin zagaye, bayan ya koya wa malaman asibiti da malaman makaranta da dama tuƙin rairayi. Sharaɗinsa ga kowane ɗalibi shi ne ya fara koyon faɗuwa kafin gudu. Ya sauke farali a 1984, ya ajiye aiki a 1994, ya koma lambun dabino.

Wafati

Allah ya yi masa rasuwa a gidansa da ke Gure cikin watan Sha'aban na shekara ta 2003, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da huɗu. An yi masa jana'iza bayan azahar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Hajiya Salamatu da 'ya'ya biyar: Amadu, Usmanu, Habiba, Yabawa, da autarsa Kulu, malamar asibiti, wadda ta iso jana'izar daga Gamu bisa nata moton, ta ratso daji ita kaɗai. Allah ya jiƙansa da rahama.